Wa Zai Sa wa Caji Ofis Ido a Madadin Talaka?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a jaridarku domin in tofa albarkacin bakina kan muhawarar kafa 'yan sandan jihohi, wadda ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Na lura kowa yana ta ja-in-ja ne kan wanda zai riƙe linzamin rundunar, ko gwamna ko shugaban ƙasa, amma ba a cika tambayar wanda zai sa mata ido a madadin talaka ba.

Mu a Arewa mun taɓa ɗanɗana 'yan sandan gida. Dattawan da suka ga zamanin 'yan dokan En'e, wato 'yan sandan hukumomin gargajiya na sarakuna, suna tuna yadda aka riƙa amfani da su wajen kama magoya bayan jam'iyyar adawa ta NEPU, kuma irin wannan zargi na cikin dalilan da suka sa gwamnatin soja ta narkar da su cikin rundunar tarayya bayan juyin mulkin 1966. 'Yan dokan nan 'yan gari ne, sun san kowa har gidan ubansa; abin da aka rasa shi ne wata hukuma mai zaman kanta da za ta taka musu birki idan sun wuce gona da iri.

A yau tsarin mulkin 1999 ya ba Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda ikon ɗaukar ma'aikata da ƙara musu girma da ladabtar da su, in ban da Sufeto Janar. To amma hedkwatarta tana Abuja, kuma manomin da aka tsare masa ɗa kwana huɗu a caji ofis, aka ce sai ya kawo wani abu alhali an rubuta a bango cewa beli kyauta ne, bai ma san da zamanta ba. Kwamitocin hulɗar 'yan sanda da jama'a kuwa, a ganina, sun fi himmatuwa wajen tara gudummawar gyaran mota fiye da sauraron koke.

Abin takaicin shi ne doka ta riga ta yi tanadi. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 da Dokar 'Yan Sanda ta 2020 sun wajabta wa babban majistare ya ziyarci caji ofis ɗin da ke yankinsa aƙalla sau ɗaya a wata, ya duba rajistar waɗanda aka kama, ya ba da beli inda ya dace, ko ya umarci a gurfanar da mutum gaban kotu.

Saboda haka ina roƙon manyan jojin jihohinmu su riƙa bayyana wa jama'a rahoton waɗannan ziyarori, kuma duk ƙudurin da zai kafa 'yan sandan jiha ya tanadi kwamitin karɓar koke a kowace ƙaramar hukuma, mai ɗauke da lauya da malamin addini da wakiliyar mata, wanda gwamna ba zai iya rushe shi ba sai da amincewar majalisa.

Wassalam.

Wani mai karatu, daga Zariya.