Dala Biyar a Kan Ɗari Biyar

Niyok, 21 ga Disamba, 2025

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da su Inna. Ya sanyi? Na san yanzu hazo ya lulluɓe Zariya, wanda ke bakin Ƙofar Doka da safe ba ya hango na tsallaken titi. Mu ma nan abin ba a cewa komai, kullum da asuba sai na kankare ƙanƙara a gilashin mota kafin in fita.

Na ji saƙon muryarka, har sau uku na saurare shi ina layin jiran fasinja a filin jirgi. Ka ce an faɗa a majalisarku bayan isha'i wai daga sabuwar shekara Trump zai riƙa yankar kasonsa a duk kuɗin da muka turo gida, in ya iso Najeriya kuma gwamnatin Tinubu ta yanki nata, har maganar ta kai kunnen Inna ta ce a gaya mini in dakata da aike kada a cinye mini gumina. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuto, don a waya da mun fara magana mai tsawo sai sabis ya ɗauke. Ka karanta mata a nutse.

Maganar tana da tushe, amma an ƙara mata gishiri. Daga 1 ga Janairu, 2026, duk wanda ya je shagon tura kuɗi da tsabar kuɗi a hannu, za a caje shi kashi 1 cikin 100 na abin da ya tura. Dala 500 ɗin da nake turo wa Inna duk wata, harajinta dala biyar ke nan, wajen naira dubu bakwai a canjin yanzu. Kuma wanda ya tura shi ke biya, a nan, ba a taɓa abin da zai iso hannunku. Wanda kuwa ya tura daga asusunsa na banki ko da katin bankin Amurka, ko sisi ba a karɓa. Ni ta manhajar waya nake turowa daga asusuna, saboda haka abin bai shafe ni ba. Alat ɗinku zai shigo yadda ya saba, ka je wurin mai POS ɗinka na Tudun Wada ka cire.

Kashi biyar ɗin da mutanen majalisarku suka ji ba ƙarya suka yi ba, tsohon labari ne. Da kashi 5 aka fara kawo ƙudurin a watan Mayu. Majalisar wakilai ta mayar da shi 3.5, ta dattawa ta sauko da shi 1. A majalisar dattawan ma kunnen doki aka yi, 50 da 50, sai da mataimakin shugaban ƙasa Vance ya raba gardama. Trump ya sa hannu ranar 4 ga Yuli, ranar bikin 'yancinsu. Watanni biyun nan kuwa mun sha zullumi. A masallacinmu bayan Juma'a ba ka jin komai sai lissafi, kowa ya fito da waya yana buga kashi biyar na abin da yake aikawa Kumasi ko Damagaram ko Kano.

Ka tambaye ni kuma yadda mutanenmu na nan suka ji da wannan mutumin ya ci zaɓe, tun da kun ga hotunan masu kuka da masu rawa a talabijin. Ban taɓa ba ka labarin daren nan sosai ba. Ranar Talata ce, 5 ga Nuwamba, 2024. Ni dai ka san katin zama gare ni, ban zama ɗan ƙasa ba, ba ni da ƙuri'a, nawa ido. Na yi aiki har tsakar dare, sai na biya wani gidan abinci na mutanen Ghana da ke unguwarmu ta Bronx, inda direbobi ke taruwa cin wake da shinkafa. An kafa wa talabijin ido, taswirar ƙasar tana ta rinewa ja. Can wajen ƙarfe biyu da rabi na dare, lokacin ku kuna karin kumallo, ya fito yana jawabin nasara. Daga ƙarshe ya tashi da 312 cikin ƙuri'un wakilan jihohi, Kamala Harris 226.

Abin da ya ba ni mamaki, ɗakin nan rabuwa ya yi biyu. Wani dattijo ɗan zangon Kumasi da ya shekara fiye da ashirin yana tuƙin tasi, mai fasfo ɗin Amurka, ya miƙe ya ce shi Trump ya zaɓa kuma ba ya jin kunyar kowa. Hujjarsa uku: kuɗin ƙwai da madara ya gagare shi, jinin Gaza yana wuyan gwamnatin Biden, sannan mutumin ya yi alkawarin daina cire haraji a tukwicin da fasinja ke ba mu. Wani matashi ya ce masa, Baba, mutumin da ya hana 'yan ƙasashen Musulmi shigowa a 2017 shi ka dangwala wa? Aka kaure da musu har mai abinci ta ce ko a yi shiru ko ta kashe talabijin. A can lungu kuwa akwai wani abokina ɗan Maraɗi, bai ce uffan ba. Ya ture kwanon gefe, ya biya kuɗinsa ya fita. Shi ba shi da takardu.

Kada ka ɗauka dattijon nan shi kaɗai ne. Bronx gidan jam'iyyar Dimokuraɗiyya ce, ta su Biden da Harris, tun fil azal, amma ƙuri'ar Trump a nan ta tashi daga kashi 16 a 2020 zuwa wajen 27. A garin Dearborn na jihar Mishigan, inda Larabawa suka yi kaka-gida, shi ya zo na ɗaya. Da yawansu ba son shi suke ba, fushi ne suka huce. Washegari na ɗauki wata farar mata a Manhatan, tun da ta shiga take share hawaye, da za ta sauka ta ba ni haƙuri kamar ita ta yi mini laifi. Bayanta na ɗauki wani mai kamfanin gine-gine, yana ta waya da fara'a yana cewa ragin harajin 2017 da zai ƙare a ƙarshen 2025 yanzu ya zauna daram. Kuma haka aka yi, dokar nan ta Yuli ta tabbatar da shi. Mota ɗaya, kujera ɗaya, tsakaninsu bai fi minti goma ba.

Maganar tukwici, ya cika alkawari, amma irin cikawar 'yan siyasa. An yarda mutum ya cire tukwicin da ya samu, har dala 25,000 a shekara, daga kuɗin da ake lissafa wa harajin tarayya, daga 2025 zuwa 2028 kawai. Direbobi muna ciki. Sai dai mu da ake ɗauka masu zaman kansu akwai wani harajin na kashi 15.3 da muke biya na fansho da lafiyar tsofaffi, shi ba a taɓa shi ba. Na zauna da littafina na tara tukwicin bana kaf, bai kai dala 3,000 ba, don fasinjan manhaja ba su cika miƙa hannu ba. Rangwamen da zan samu in na cike takardun haraji kafin 15 ga Afrilu bai wuce dala ɗari uku da 'yan kai ba. Alhamdu lillahi, ba a raina samu. Amma wancan watan da na kai mota gyaran birki, bakanike ya nuna mini rasit ɗin kayan, ya ce tun da aka sa wa kayan gyaran mota na waje kuɗin fito komai ya hau. Shagon da muke sayen garin rogo da busasshen kifi da daddawa ma haka, don a bana, 2025, an sa wa kayan Najeriya kuɗin fito na kashi 15 a bakin shigowa. Ana cewa ƙasashen waje ne ke biya. Ni dai daga aljihuna na ga yana fita. Abin da aka ba ni da dama an karɓe da hagu, har da ɗoriya.

Wanda abin ya fi damuna da shi ɗan Maraɗin nan ne. Wankin kwanuka yake a wani gidan abinci, a tsaye awa goma sha ɗaya, ranar Asabar a ba shi kuɗinsa a ambulan. Ba shi da asusun banki, tsoron rubuta sunansa a ko'ina yake. Duk sati biyu sai ya je wani ɗan shago kusa da tashar jirgin ƙasa, ya zaro kuɗin daga cikin safa, ya ƙirga sau biyu, ya tura ta ƙarƙashin gilashi, ya karɓi rasit ya ninke ya sa a wata tsohuwar jakar leda da yake ajiye su tun zuwansa. Mata da 'ya'ya huɗu da uwa tsohuwa ke jiran wannan kuɗin. Rangwamen tukwici bai isa gare shi ba, don sai mai lambar zama ɗan aiki ta gwamnati. Harajin tura kuɗi kuwa kamar da shi aka auna. Mai kamfanin gine-ginen nan in zai tura miliyan ƙasar waje daga bankinsa ba zai biya ko kwabo ba, mai wankin kwano zai biya. Kashi ɗaya ba zai kashe shi ba, na sani, kuɗin da shagon ke caja ma ya fi haka. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda aka tsallake kowa aka dira kan wanda ba shi da bakin magana. Ya roƙe ni in riƙa tura masa ta asusuna, na ce ya ba ni lokaci. Ina jin nauyinsa, ina kuma tsoron ranar da za a tambaye ni dalilin da kuɗin da ke fita ya fi abin da na ce ina samu. Har yanzu ban ba shi amsa ba. Ka sa Inna ta yi mini addu'ar zaɓin alheri.

Shi kuwa dattijon Kumasi, ran nan na tsokane shi, na ce Baba ya zaɓenku? Ya yi dariya ya ce yaro, Allah ya sa mu dace. Bai ƙara ko kalma ba. A zaɓen magajin gari na watan jiya kuma shi ne kan gaba wajen yi wa Zohran Mamdani kamfe, Musulmi na farko da zai riƙe Niyok, wanda ya taɓa yin yajin cin abinci tare da direbobin tasi a 2021. Shi kuma alkawarinsa ƙara wa masu samun sama da dala miliyan ɗaya haraji, in majalisar jiha ta yarda. Mutum ɗaya, ƙuri'a biyu, bara ga mai rage wa attajirai, bana ga mai ƙara musu. Mamdanin ma ranar 1 ga Janairun zai kama aiki.

Na gefenku kuma, sabbin dokokin harajin da Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni su ma ranar za su fara aiki, ina jin shi ya sa labaran biyu suka cakuɗe a majalisarku. Su ne waɗanda gwamnonin Arewa suka taru a Kaduna bara suka ce ba su yarda da tsarin rabon harajin kayan masarufi da ke ciki ba, kafin a yi gyare-gyare. A dokar, wanda abin da yake samu a shekara bai wuce naira 800,000 ba, babu haraji a kansa. Kuɗin da ɗa ya aiko wa uwarsa kuwa kyauta ce, ba albashi ba ne ba riba ba ce, kuma shugaban kwamitin gyaran harajin, Taiwo Oyedele, ya fito ya bayyana haka. Shawarata dai, kuɗin Inna su riƙa shiga asusunta, kada ka haɗa su da cinikin shagonka na Sabon Gari. Ka sayi littafi ka riƙa rubuta shige da fice, ko don ranar da masu karɓar haraji za su leƙo.

Duk wannan ya tuno mini da marigayi Baba, Allah ya jiƙansa. Ka tuna labarin da yake ba mu a zaure na 1979, da Balarabe Musa ya hau gwamna ya soke haraji da jangali, yadda ya ce Fulanin da ke kawo nono kasuwa suka yi ta guɗa, mai unguwa kuwa ya kwana uku bai fito ba? Kullum in ya kai ƙarshe sai ya ƙara da cewa shekara biyu ba ta cika ba aka tsige mutumin. A daren zaɓen nan da na ga dattijo na murna ɗan Maraɗi na ficewa, muryar Baba na riƙa ji.

Ranar 28 ga wata zan turo na Inna, da ƙarin dala 150. Ɗari na kuɗin makarantar Auta ne, kada ya ce ban tuna ba. Hamsin ɗin a saya wa Gwaggo bargo da maganin ƙafarta. Maganar rufin ɗakin baya a bari sai bayan azumi, in na ga abin da ya dawo mini daga haraji. In akwai mai tahowa nan kusa, a ba shi kuka da yajin Inna, wanda ke hannuna ya kusa ƙarewa, amma ban da kilishi, kwastan ɗin nan ba sa barin nama ya wuce.

Ka gaishe da Inna da kyau, ka ce ta kwantar da hankalinta. Ka gaida Baffa na Kwarbai, da matarka da yara, da 'yan majalisa duka, har da wanda ya kawo labarin kashi biyar.

Wassalam,
Ƙaninka