Zuwa ga Aminina Sani a Kumasi

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hajiya da yara. Mu nan Kano sai godiya, sai dai hazo ya sauka, ƙafafu duk sun yi kaushi.

Saƙonka ya iso. Ashe ribar atamfa ta fara komawa ƙasa, har fuloti biyu! Allah ya sanya albarka. Ban yi mamaki ba, hanyar 'yan Kwari ke nan: yadi, sai fili, sai gidan haya. Amma ka tuna min da wani Ba'amurke, Douglas Tompkins, wanda ya bi hanyar nan ya ɓulla wani wuri daban.

Ka san rigunan sanyin nan masu tambarin The North Face da muke tsinta a gwanjon Ƙofar Wambai? Shi ya kafa kamfanin a San Francisco a shekarun 1960. Daga baya shi da matarsa ta fari, Susie, suka gina Esprit, kayan mata, kuɗi suka shigo kamar ruwa. Da ya kusa shekara hamsin sai ya sayar da kasonsa ya tattara ya nufi kudancin Chile. Daga 1991 ya dinga sayen daji, gona bayan gona, inda akwai itatuwan da suka haura shekara dubu a tsaye. Bai yanka fuloti ba, bai kai katako kasuwa ba. Barin dajin kawai ya yi yadda Allah ya halicce shi, ya kira wurin Pumalín.

Mutanen ƙasar ba su yarda da shi ba, kuma ban ga laifinsu ba. Chile siririya ce kamar igiya, filin nasa kuwa ya taso daga bakin teku har iyakar Ajantina. Aka ce so yake ya raba ƙasar biyu, wasu suka ce ruwansu yake hari. Sani, da baƙo zai zo ya saye rabin dajin Falgore ya ce don tsuntsaye ya yi, ai ni zan fara cewa akwai lauje cikin naɗi.

A Disamban 2015 kwale-kwalensa ya kife a tafkin General Carrera, sanyin ruwan ya yi ajalinsa yana da shekara 72. A 2018 matarsa Kristine ta miƙa wa gwamnati kimanin hekta 400,000 kyauta, shugaba Michelle Bachelet ta sa hannu aka mayar da su gandun daji na ƙasa.

Ba cewa nake ka yi kyauta da fulotinka ba, kai da ke da 'ya'ya shida. Wani abu ne yake cina. Lokacin da na sayi nawa filin, akwai tsohuwar ɗorawa a kusurwar gabas. Magini ya ce za ta cinye ɗaki guda, na ce a sare. Kwana biyu ana saranta. Yau ɗakin nan ba ya zaunuwa a watan Afrilu, ɗan hayan ma a tsakar gida yake kwana. A hoton da ka turo na hango mangwaro biyu a bayan fulotinka na hagu. Kafin magini ya ja igiya, ka je da kanka ka tsaya a ƙarƙashinsu da azahar.

Ka gaida Hajiya, ka shafa min kan su Abba. Idan mai zuwa ya samu, kar ka manta da goron nan fari.

Naka,
Bala