Kafin matasanmu su yanke sandar giya

Malam Edita, assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka mu yi wa matasanmu masu motocin gudu bayani kan abin da suke kira shot-shifta, wato sandar giya mai gajeren zango, wadda ake sa wa mota mai giyar hannu domin hannu ya rage tafiya tsakanin giya da giya. Ana yawan tambayarta a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, ana kuma yawan ɓata giyabos saboda ita, galibi don mai motar bai san abin da ya saya ba.

Aikinta irin na jigo ne. Sandar giya tana da ƙwallo a tsakiya inda take juyawa, da dogon ɓangare a sama wanda direba ke riƙewa, da gajere a ƙasa wanda ke tura ƙarfen giyabos. A misali, a ce sama milimita 200 ne, ƙasa 40: hannu zai yi tafiyar milimita 50 kafin ƙasa ya yi 10. Idan aka mai da ƙasan 50, tafiyar hannu ta dawo 40. An rage kashi 20 cikin ɗari ke nan, amma ƙarfin da hannu zai sa ya ƙaru da kashi ɗaya cikin huɗu. Wadda ta rage kashi 40 kuwa tana neman ƙarin ƙarfi kusan biyu bisa uku. Wanda zai riƙa shiga cunkoson Bata ko na Kantin Kwari kullum yana ɗaya-biyu, ɗaya-biyu, kafaɗarsa za ta gaya masa. A ganinmu kashi 20 zuwa 30 ya ishi motar da ake hawa cikin gari.

Ba ta ƙara wa inji ƙarfi ko kaɗan, ba ta kuma sa giyabos ya karɓi giya da sauri fiye da yadda aka ƙera shi. A cikinsa akwai zobban tagulla da ake kira sinkiro, waɗanda ke daidaita gudun haƙora kafin su shiga juna, kuma suna bukatar ɗan lokacinsu. Gajeriyar sanda tana ruɗin direba ya riƙa fizga, zoben ya cinye, sai giya ta biyu ko ta uku ta fara "ƙarrr". Masu Nissan 350Z na shekarun farko su fi kowa kiyayewa, don an san giyabos ɗinsu da raunin sinkiro kafin kamfanin ya fito da wanda ake kira CD009.

Saboda haka kafin a sayi komai a duba lafiyar abin da ke akwai. A kashe mota, a sa giya ta uku, a kaɗa sandar hagu da dama. In tana lilo fiye da faɗin yatsa, bushin ne suka mutu, kuma yawancin masu kukan "giyata ta yi nisa" matsalarsu ke nan. Robobin da zafin Afrilu da ƙurar hunturu suka cinye ne, kuɗinsu bai kai rabin na sabuwar sanda ba. Sannan a tayar da mota, a taka kuloci har ƙasa, a ƙirga biyar, a sa ribas. In ta yi ƙara, kulocin ba ya saki sosai, a duba mansa da masta da silef, wato silinda biyun da ke tura man kuloci. A duba man giya ma. Ɗabi'ar nan ta ɗura mai kauri lamba 140 a kowane giyabos ita ke sa giya tauri da sanyin safiya. Da yawa 75W-90 mai alamar GL-4 suke so, wasu kamar Honda da BMW suna da nasu na musamman, a bi littafin motar. Gajeriyar sanda a kan giyabos mara lafiya tana ƙara fito da ciwon ne kawai.

Wajen saye, sunan mota kaɗai bai isa ba. BMW E46 guda biyu masu kama ɗaya, wata giyabos ɗin Getrag ne a cikinta, wata ZF, wata giya biyar, wata shida, kuma motocin Beljiyam da yawa an riga an sauya musu giyabos tun kafin su iso nan. A shiga ƙasa a karanta lambar da ke jikinsa. A kuma san wane irin haɗi motar take da shi. Mazda MX-5 sandarta tana shiga giyabos kai tsaye. BMW E36 da E46, da Honda Civic na 1992 zuwa 2000, doguwar sandar ƙarfe ce a ƙarƙashi ke haɗa su. Golf 4 da yawa da Civic na bayan 2000 kebul biyu ne, ɗaya na gaba da baya, ɗaya na hagu da dama, kuma a Golf abin da ake sauyawa yana kan giyabos ne a ɗakin inji, ba cikin mota ba. Kamfanoni irin su B&M da Skunk2 da UUC suna rubuta motar da kowace tasu ta dace da ita. Akwai kuma hanya mai sauƙi da masu BMW suka daɗe da sani: sandar E60 545i ta asali tana shiga E46 ta rage zangon, kamar yadda ƙarfen kan giyabos na Audi TT ke yi wa Golf 4. A duba zaren kan sandar, don kada tsohon kan giya ya ƙi hawa: Honda M10 x 1.5 ne, Mazda da Nissan M10 x 1.25, Toyota da Subaru M12 x 1.25, na BMW kuwa ba shi da zare, sama ake fizge shi (a kawar da fuska, yana fita da ƙarfi).

Abin da muke roƙon a bari shi ne kai sanda wurin mai walda a yanke a ƙara. Zafin walda yana narkar da robar da ke cikin sandar mai shanye girgiza, yana ɓata ƙwallon, kuma in haɗin ya karye a titin Zariya mota tana giya ta huɗu, sai ja. Masu arha marasa suna kuma sau da yawa ƙwallonsu bai cika awo ba, ya yi sako-sako a mazauninsa tun ranar farko.

Ranar sakawa a bar salansa ta huce. A hau rami, ko a ɗaga motar a ɗora kan ƙafafun ƙarfe. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ko bulo ke riƙe da ita. A sa giya a firi, a ja birkin hannu, a cire kan giya da fatar da ke rufe sandar, a ɗauki hoton kowane mataki da waya, musamman jerin wosha. A E46 ana zare kilif ɗin da ke riƙe sandar ƙasa, a kula da woshoshin roba masu ruwan ɗorawa, sannan a murɗa kofin robar da ƙwallon ke ciki kwata guda ya fito. A sa sabon kofi, kada a mai da tsohon. Lanƙwasar sandar ta fuskanci inda tsohuwar ta fuskanta. A Civic bol lamba 12 ne ke ratsa ƙasan sandar. A ɗaure shi ya kama, amma in aka matse shi da yawa sandar za ta daina komawa tsakiya da kanta. Ɗigon gam ɗin noti mai shuɗi ya fi ƙarfin damtse amfani a nan. A MX-5 bol uku ne lamba 10, kuma ramin da sandar ke zama yana ɗaukar man giya kusan mililita 90, wanda yaran gareji ke mantawa. A sauya robar ciki in ta yage, don ta nan zafi da ƙura ke shiga. Giris kaɗan ake shafa wa ƙwallo, domin mai yawa yana tara yashi ya zama kamar sanfefa.

Inda aka fi faɗuwa shi ne saiti. Tunda ƙasan sandar ya ƙara tsawo, yana iya taɓa farfela a BMW ko kwanon da ke kare zafin salansa a Honda. A bar tazarar yatsa guda a kowace giya, saboda inji yana murɗawa in an taka totur, balle in mauntin, robar da inji ke zaune a kai, ya saki. A Golf 4 sai an saki kebul biyun, a kulle giyabos da ɗan fil ɗin da ke jikinsa, a zura ƙusa mai kaurin milimita 5 a ramin saitin da ke gindin sandar a cikin mota, sannan a sake kama kebul ɗin, a zare ƙusar, a buɗe fil. Wanda ya tsallake wannan zai samu ɗaya da biyu sun ƙi shiga, ko ribas ya ɓace. A 350Z akwai faranti mai hana faɗawa ribas. In bai zauna daidai ba sandar tana gogarsa wajen shiga biyar da shida, sai a sassauta bol ɗinsa, a sa giya ta shida, a matso da shi har ya kusa taɓawa, a ɗaure.

Kafin a mai da fata da robobin ciki, a bi giya duka da inji a kashe, sannan da inji a kunne, a ga fitilar ribas ta kama. Bayan an mai da su, a fita gwaji a titi mara cunkoso, a taka totur a saki a kowace giya. In giya ta fita da kanta, galibi fatar ce ke jan sandar ko giyar ba ta shiga har ƙarshe. In ana jin "zzz" a hannu inji yana sama, ko dai wani wuri yana taɓawa, ko bushin na ƙarfe ne masu kawo girgiza, kuma wannan ba ya tafiya sai an koma na roba. Bayan mako guda a sake shiga ƙasa a taɓa kowane noti da sifana. Tsohuwar sandar a nannaɗe ta a ajiye, don mai sayen motar gobe yana iya neman ta.

Mun gode, Malam Edita. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wasu makanikai masu aikin giyabos,
Kano