Zuwa ga 'yata mai jego a asibitin Korle Bu, Accra

Assalamu alaikum 'yata, ya jikin naki, ya kuma angon nawa? Na ga hoton da kika turo a WhatsApp, na ji kuma kina cewa wai sakacinki ne ya sa gindinsa ya yi ja haka. Don Allah ki bar wannan maganar. Bakwaini fatarsa ba ta gama yin ƙwari ba, sai ta ɗauki makonni kafin ta kamo ta sauran jarirai, to ga pampas ga ɗumin kwalba ga fitsari da kashi suna haɗuwa waje ɗaya, dole wurin ya ci.

Kashin ne ma babban abin. Alluran antibayotik ɗin da ake masa suna kashe ƙwayoyin cuta amma suna haɗawa har da masu amfani na cikin hanji, shi ya sa kashin ke zuwa ruwa-ruwa akai-akai, kuma wannan fitilar mai shuɗin haske da aka sa shi a ƙarƙashinta saboda shawara ita ma tana sa kashi ya yi sako-sako. Kar ki ce a daina ko ɗaya, maganin ransa ne, gindin kawai za a kula da shi.

Duk awa 2 zuwa 3 a duba pampas ɗin, in ya yi kashi kuwa a canza nan take. Ki roƙi nas ɗin da ladabi ta bar ki ki riƙa yi da kanki in kin shiga, ki wanke hannu sosai tukuna. Auduga da ruwan ɗumi kawai, ki ɗan daddanna kar ki goga, ki bar shi ya sha iska sannan a shafa farin man nan mai zinc da kauri. In kin zo canji na gaba ba sai kin kankare man duka ba, ki cire inda ya ɓaci ki ƙara wani a kai. Hoda kam a'a, yana iya shaƙarta. Man kaɗen da gwaggonki ta kawo ma ki ajiye shi sai likita ya ce to.

Ki buɗe matsematsin cinyarsa ki duba da kyau. In jan ya shiga har cikin lungun, ya yi jawur da 'yan ƙuraje ƙanana a gefe-gefe, wannan ya wuce cin pampas, irin ƙwayar da ke sa farin baki ce kuma maganinta daban, ki nuna wa nas ko likita da wuri.

Sai nono. Ki ci gaba da tatsa ko da dare ne, kashin mai shan nonon uwa bai cin fata kamar na madarar gwangwani. Ki ci abinci ki sha koko da ruwa da yawa. Babanki da duk mutan Aboabo suna gaishe ki, muna ta addu'a, Allah ya raya mana shi ya ba shi lafiya.

Mamanki, Kumasi