A dawo wa motocin tsere da muryarsu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina kan abin da ya daɗe yana ci wa masoya gasar Formula 1 tuwo a ƙwarya, wato yadda muryar injinan gasar ta dusashe tun daga shekarar 2014.

Kowane zamani na wannan gasa da irin amonsa. Injin Cosworth DFV mai silinda 8, wanda Jim Clark ya yi nasara da shi a fitowar injin ta farko a filin tsere na Zandvoort da ke ƙasar Holland a 1967, gurnani yake yi mai kauri, kuma sai da ya ci tsere 155 kafin a jingine shi. Da kamfanin Renault ya shigo da turbo, wato na'urar da hayaƙin inji ke juyawa don ta cusa masa ƙarin iska, a 1977, sai ƙara ta ɗan lafa amma ƙarfi ya hau, har ta kai wasu injina masu lita ɗaya da rabi kacal suna haura ƙarfin doki 1,000 a zagayen neman gurbi, harshen wuta na fitowa ta salansa. An hana turbo daga 1989, Ferrari kuma ta ci gaba da riƙon injinta mai silinda 12 har zuwa 1995.

A ganina, zamanin da ba shi da na biyu shi ne na injin V10, wato mai silinda 10, mai lita 3, wanda kusan duk kamfanoni suka yi ban kwana da shi bayan kakar 2005. Wannan inji yana juyawa kusan sau 19,000 a minti guda, kuma da yake silinda biyar ne ke kama wuta a kowane juyi, ana samun fashewa fiye da 1,500 a cikin daƙiƙa ɗaya. Kunnen ɗan Adam ba ya iya rarrabe su, sai ya ji su a dunƙule, kururuwa ce siririya mai ratsa ƙirji, wadda 'yan kallo ke jiyowa tun kafin su hango motar, da yawansu ma sai sun toshe kunne.

Injin da aka kawo a 2014 silinda 6 gare shi, lita 1.6, haɗe da turbo da batir. Doka ta yarje masa juyi 15,000, amma saboda an ƙayyade man da zai sha zuwa kilo 100 a awa, da wuya ya wuce 12,000, sannan turbo ya haɗiye yawancin ƙarfin hayaƙin da a da yake fita ya zama ƙara. Injiniyoyi suna da hujja idan suka ce ƙarar inji ƙarfi ne da ya tafi a banza, kuma abin yabo ne ƙwarai a ce inji yana mayar da fiye da rabin makamashin mansa zuwa aiki, abin da injin motar gida bai kusanta ba. Ban raina wannan fasaha ba ko kaɗan.

Sai dai tsere abin kallo ne, kuma wanda ya zauna a bakin hanya ba ya ganin mota sai na 'yan daƙiƙu. Da kunne yake sanin direban da ya ɗaga ƙafa daga totur kafin kwana da wanda ya yi ta maza ya danna, da kunne yake gane saukar giya, da kunne yake jin inji ya fara gajiya tun kafin hayaƙi ya tashi. Idan aka rage wannan, an rage masa hanyar gane gwanintar direba. Shi ya sa lokacin da Fernando Alonso ya sake hawa tsohuwar motarsa Renault R25 a Abu Dhabi a 2020, hankalin kowa ya koma kanta, alhali motocin yanzu sun fi ta sauri a zagaye.

Hujjar masu cewa komawa injin mai ƙara zai gurɓata muhalli ma tana da amsa. A 2022 Sebastian Vettel ya tuƙa motar Williams ta 1992, wadda Nigel Mansell ya ci kambun duniya da ita, a filin tsere na Silverstone da ke Birtaniya, da man da ba daga rijiyar fetur aka haƙo shi ba, kuma injin ya yi kukansa yadda aka san shi. Dokokin 2026 da kansu sun wajabta irin wannan mai, ko da yake sun ba lantarki kusan rabin ƙarfin motar. Shugaban hukumar FIA mai tsara dokokin gasar, Mohammed Ben Sulayem, ya taso da batun komawa V10 a 2025, amma kamfanonin da suka zuba dukiya a injin zamani ba su ba da goyon baya ba.

Ina kira ga hukumar da, idan ta zo tsara dokokin inji na gaba, ta ɗaga yawan juyi, ta rage nauyin batir, ta kuma saurari 'yan kallo kamar yadda take sauraron masu ƙera motoci. Kai kuma Malam Edita, ina fata shafin wasanninku zai riƙa bibiyar wannan muhawara domin masu karatu su san inda aka kwana.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku a kullum