Bayit ɗaya ne ya hana ni barci

Mutumina,

Assalamu alaikum. Na san laifina ne, kada ma ka fara. Saƙonka ya fi wata biyu yana kallona ina kallonsa, kullum sai in ce gobe. Ya iyali? Ya ƙaramar nan mai ɓalle maɓallan kwamfuta? Ka ce mata baffanta na gaishe ta, kuma har yau ina bin ta bashin harafin da ta cire min.

Ka tambaye ni wanne za ka ɗauka a aikinka, uIP ko lwIP, ƙananan manhajojin nan biyu da ke haɗa ƙaramar na'ura da intanet. Zan zo kansa, amma bari in fara sauke abin da ke cikina, don tun shekaranjiya nake neman wanda zan faɗa wa ya gane. A gidan nan da na buɗe baki sai a ce Allah ya kyauta, kowa ya kama gabansa.

Na kama aljanin nan, wato kuskuren da ya addabi manhajar na'urata! Wanda ke manne lambobi biyu wuri guda, saba, wato kwamfutar da ke karɓar lambobin, ta ga 10.210.3 maimakon 10.2 da 10.3, ta ce ba ta san wannan yaren ba.

Ka dai tuna na'urar auna sanyin da ka yi ta min dariya a kanta. Cif ɗin da ke tafiyar da ita ATmega328P ne, RAM ɗinta, wato ƙwaƙwalwar aikinta, bayit 2048, na haɗa ta da wani cif, ENC28J60, don ta hau wayar sadarwa ta Ethernet. To lissafa da kanka: cikakken firam na Ethernet bayit 1514 ne, wato fakiti, ƙunshin saƙo ke nan, ɗaya tak zai cinye kusan kashi uku cikin huɗu na ƙwaƙwalwar. Dole na datse ma'ajiyar fakiti zuwa bayit 400, sauran na raba wa stak, wurin da manhaja ke ajiyar wucin gadi, da tarkacen manhajar kamar rabon gado a gidan yawa. A irin wannan matsatsi soket ɗin da muka koya, ƙofar da manhaja ke aikawa da karɓar saƙo ta cikinta, na Berkeley wanda ya fito a 1983, ba shi da wurin zama. Shi ya saba da wadata: ka miƙa masa saƙo, ya kwafe ya ajiye har sai ɗaya ɓangaren ya ce ya karɓa, in kana jira kuma zarenka, wato layin aikin da manhajarka ke gudu a kai, ya kwanta da stak ɗinsa cur. Kowace haɗi da nata kason. Ni kuwa ina zan samo?

Abin da Adam Dunkels ya yi da uIP, lokacin yana cibiyar binciken kwamfuta ta Suwidin, shi ne ya ƙi ajiye komai. Ma'ajiya ɗaya ce, da ita ake karɓa da ita ake aikawa. Fakiti na fita an manta da shi. In ya ɓata a hanya, sai uIP ta dawo wurinka ta ce maimaita abin da ka ce ɗazu. Ɗan aike ne da ba ya riƙe takarda. Riƙe wannan da kyau, don nan gizo ke saƙar.

Rubuta manhaja kai tsaye a kan haka azaba ce, komai sai ka mayar da shi matakai kana bin wane mataki ake ciki. Shi ya sa na koma ga protosocket ɗin Dunkels, kwaikwayon soket da ya ɗora a kan uIP. A ido kamar soket na gaske: ka buɗe da PSOCK_BEGIN, ka ce PSOCK_READTO ka jira ƙarshen layi, ka ce PSOCK_SEND, ka rufe, daga sama zuwa ƙasa yadda mutum ke tunani. A ƙarƙashi kuwa wayo ne tsagwaronsa. Babu zare, babu stak na kansa. Bayit biyu kawai ake riƙewa, lambar layin da aka tsaya, sai a fice daga aikin gaba ɗaya, in an dawo switch, umarnin da ke zaɓar inda za a nufa, ya yi tsalle ya dire a wannan layin. Ranar da na buɗe na karanta yadda aka ƙulla shi sai da na yi dariya ni kaɗai, rabi sha'awa rabi tsoro. Kuɗin wayon shi ne duk abin da ka ajiye a stak kafin jira ya tafi. Wannan ya cije ni tun makon farko: ina ƙirga layuka da wani ma'ƙirgi a stak mai suna i, na aika na farko, na dawo na tarar i ya zama abin da Allah kaɗai ya sani. Na mayar da shi cikin bayanan haɗin, ya zauna lafiya. Kuma kada ka kuskura ka sa wurin jira a cikin switch naka, za su yi karo da nasa. Sai na ɗauka ai na gama sanin halin dabbar.

Af, abokinmu dogon nan ya kira ni makon jiya. Ya koma harkar shafukan intanet kacokan, yanzu gigabayit yake ƙirgawa. Da na ba shi labari sai ya ce, to ka ƙara RAM mana. Mutumin da muka kwana tare muna aske bayit goma sha biyu! Na ce masa ya kawo allura ya ɗura mata. Mai gemu kuma ya sake canja wurin aiki, karo na uku ke nan, kuma kamar kullum shi ne mai gaskiya, su ne ba su gane shi ba. Yana cigiyarka, wai ka daina ɗaukar wayarsa. Na rantse masa ba ka da lafiyar kunne, saboda haka in ya kira ka riƙa cewa "me ka ce?"

To, aljanin. Sau ɗaya yake fitowa a kwana huɗu ko biyar, wani lokaci mako ya wuce shiru. Na zargi waya, na canja. Na zargi wutar da ke shiga, na ƙara kafasito. Na zargi stak yana taka ma'ajiya, na cika wurin da alamar 0xAA don in ga inda aka taka, na bar ta kwana uku, na duba na ga da sauran fili. Har saba na zarga, na yi wa mai kula da ita magana mai zafi, wadda yanzu sai na je na ba shi haƙuri.

Abin da ya buɗe min ido shi ne na jera duk gurɓatattun layukan na zuba musu ido. Kowannensu a bakin goma yake. Ba a taɓa samun matsala a 6 ko a 14 ba. Sai na sa saba ta riƙa yar da fakiti ɗaya cikin goma da gangan, na kunna Wireshark, manhajar leƙen fakiti, a gefen na'urar, na riƙa ɗumama ma'aunin da yatsa ina sanyaya shi da ƙanƙara don ya yi ta kai da komo a kan goma. Ko minti biyar ba a yi ba ya fito tsirara.

Ga yadda abin yake. Don in tsimi wuri, ba na ajiye rubutun saƙon. Da PSOCK_GENERATOR_SEND nake aiki, wanda ke kiran ɗan sashen kod ɗina ya rubuta saƙon kai tsaye cikin ma'ajiya. Ni kuma da wayona, a cikin wannan sashen nake karanta ma'aunin. Na aika 9.8 da alamar ƙarshen layi, bayit 4. Fakitin ya ɓata. uIP ta dawo ta ce maimaita. Kafin nan sanyi ya ɗan ragu, sai na rubuta 10.2 da ƙarshen layi, bayit 5. Ita kuwa ta riga ta rubuta a littafinta cewa bayit 4 take bin bashin shaidar karɓarsu, ba za ta aika fiye da haka ba, kuma gaskiyarta, don lambobin jerin TCP, ƙa'idar da ke ƙirga kowane bayit da aka aika, ba sa yafiya. Sai ta guntule na biyar, wato ƙarshen layin, layi na gaba ya zo ya manne. An ce min maimaita, ni kuma na ba da sabon labari. Sai fakiti ya ɓata a daidai lokacin da lamba ke tsallake goma abin zai faru, shi ya sa yake wuyar gani.

Gyaran layi uku ne. In karanta ma'aunin sau ɗaya kafin aikawa, in ajiye ƙimar cikin bayanan haɗin, bayit biyu, sashen da ke rubutu ya riƙa ɗauka daga can komai yawan kiran da aka yi masa. Wata biyu na rayuwata, mutumina. Kwana biyu ke nan tana gudu da yar da fakitin a kunne, ko layi ɗaya bai karkace ba. Matata ta ce tun da aka gyara na daina magana cikin barci.

Wani abu da za ka so ka sani tun da kai hotuna kake son turawa: uIP fakiti ɗaya take saki, ta tsaya sai an amsa. Yawancin kwamfutoci kuma suna jinkirta amsar fakiti guda har wajen milisakan 200, suna jiran na biyu. Ka ga fakiti biyar a daƙiƙa ke nan, da ma'ajiya irin tawa abin bai kai kilobayit biyu ba. Akwai dabarar raba fakitin gida biyu don a tilasta amsa da wuri, amma ni lamba ɗaya nake aikawa a minti, ban damu ba. Kai za ka damu. lwIP ma ta Dunkels ce, tana ajiye abin da ta aika, tana sakin fakiti da yawa a tare, sai dai tana son RAM na gomman kilobayit. In ba ka da tsarin aiki mai zaruruwa, soket ɗinta ba naka ba ne, hanyar da lwIP ke kiran kod ɗinka duk sanda wani abu ya faru za ka bi, kuma a can in ka manta kiran tcp_recved taga, wato yawan abin da ka yarda a turo maka, za ta tsuke har a daina turo maka komai, in ka manta pbuf_free mai sakin ma'ajiya kuma ma'ajiyoyi su ƙare a hankali kana zargin waya kamar ni.

Wai ma wane cif ka ce ka saya? Na duba saƙonka sama da ƙasa ban gani ba, sai dogon ƙorafi a kan ogan ku. In ESP32 ce ai lwIP na ciki tun daga gida, ka sa na yi ta zuba a banza. Faɗa min girman RAM ɗin kafin in ce komai.

Kuma na'urar duba sigina da ka ara "na sati ɗaya" ta shekara biyu a wurinka. Da tana hannuna da ban zagi mai kula da saba ba, don haka rabin haƙurin da zan bayar naka ne. Ka gaida mutanen gidan, ka ce wa ƙaramar harafin Q nake nema.

Naka,
abokin wahalarka