A Ware Wa Mai Karatu Filin Faɗin Ra'ayinsa A Kan Littafi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili domin in kawo wata buƙata da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni malamin firamare ne mai ritaya, ina zaune a wani ƙauye da ke ƙasar Wudil, kuma buƙatar tawa ita ce jaridar nan ta ware shafi, ko da rabi ne, wanda mai karatu zai riƙa faɗin ra'ayinsa a kan littafin Hausa da ya karanta kwanan nan.

Idan an gama kaka aikin gona ya yi sauƙi, muna da majalisar da muke zama bayan sallar la'asar, mutum ɗaya yana karantawa a bayyane sauran suna saurare, domin ba kowa ne a cikinmu ya yi boko ba. A ranin nan mun karanta wani littafi da na sayo ranar Juma'a a kasuwar Wudil, labarin wata yarinya da aka ɗauke daga ƙauye aka kai ta birni aikatau. Marubuciyar ta iya zance, ta kuma san zuciyar uwa, domin a wurin da mahaifiyar yarinyar take karɓar kuɗin aikin 'yarta daga hannun dillaliya tana ɓoye hawaye, majalisarmu tsit ta yi, kowa ya tuna wani gida da ya sani. Amma da ta zo bayanin gona, sai ta sa aka yanke dawa aka kai rumbu, sannan aka koma girbin gero. Wani dattijo manomi da ke cikinmu ya ce, "Malam, dakata, maimaita mini wurin nan." Duk yaron da ya tashi a karkara ya san gero ne yake fara nuna, ana girbe shi wajen watan Agusta zuwa Satumba tun ruwa bai ɗauke ba, dawa kuwa sai iskar hunturu ta fara kaɗawa. Kuskuren ba ƙarami ba ne, saboda labarin ya ce rashin abinci ne ya sa uban ya yarda a tafi da 'yarsa, alhali lokacin da rumbu yake ƙarewa shi ne tsakiyar damina kafin gero ya nuna. Wanda bai san wannan lokaci ba, bai san yunwar da yake ba da labarinta ba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan sosa mana rai. Duk mutumin ƙauyen da ya fito a littafin, ban da uwar yarinyar, ko dai wawa ne mai sakin baki idan ya ga bene, ko kuma mugu ne. Babu liman mai hankali, babu malamin makaranta, babu ɗan kasuwar da ya san lissafinsa. Mun yi kusan awa guda muna tattauna wannan, har aka kira magariba, kuma na ji hujjoji daga bakin mutanen da ba su taɓa shiga aji ba waɗanda da marubuciyar ta ji su da littafinta na gaba ya fi wannan. To amma maganar a gindin bishiya ta tsaya, ba ta da hanyar isa gare ta. Haka ra'ayin matan cikin gida, waɗanda su ne suka fi kowa karanta waɗannan littattafai, suna aron su gida zuwa gida har bango ya yage.

Ranka ya daɗe, wannan giɓi ya daɗe. Tun gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 muke da ƙagaggun labarai a rubuce da boko, kuma daga tsakiyar shekarun 1980 marubutan Kano suka fara buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, abin da aka sa wa suna adabin kasuwar Kano. Da muhawara ta yi zafi a kansu a ƙarshen shekarun 1990, a shafukan jaridar New Nigerian aka gwabza ta, da Turanci, tsakanin malaman jami'a da 'yan jarida. A 2007 har ƙona littattafai aka yi a Kano da sunan gyaran tarbiyya. A duk wannan, ba a tambayi wanda ya cire kuɗinsa ya saya ya karanta ba.

Yau da yawancin labarai suka koma waya, ana sakin su shafi-shafi a WhatsApp, abin da marubuci yake samu bai wuce "Allah ya ƙara basira" da "muna jiran ci gaba" ba. A ɗaya gefen kuma akwai masu tsine wa littattafan Hausa gaba ɗaya ba tare da sun buɗe ko ɗaya ba. Babu wanda yake amfanar marubuci a cikin biyun. Abin da nake nufi da ra'ayi shi ne mutum ya karanta littafi har ƙarshe, ya faɗi wurin da ya burge shi da dalilinsa, ya nuna shafin da aka yi kuskure, ya kuma yi magana a kan rubutun ba tare da ya taɓa mutuncin mai shi ba. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta nuna yawan mata masu alƙalami da muke da su, kuma irin waɗannan sababbin marubuta su ne suka fi buƙatar mai gaya musu gaskiya tun da wuri.

Shawarata ita ce kowane mako a buga ra'ayi biyu ko uku, gajeru, kowanne da sunan littafi da marubucinsa da inda ake samunsa da kuɗinsa, domin mu na karkara sau da yawa ba ma jin labarin sabon littafi sai ya tsufa. A karɓi wasiƙar da aka rubuta da ajami, domin da shi dattawanmu da yawa suke rubutu, a kuma karɓi saƙon murya daga wanda bai iya rubutu ba, a juya shi zuwa takarda. Marubucin da aka yi magana a kan littafinsa a ba shi damar mayar da amsa a mako na gaba. Idan kun amince, majalisarmu ce za ta fara aiko da nata a kan littafin da na ambata, kuma dattijon da ya gano kuskuren gero da dawa ya ce a rubuta da bakinsa.

Na gode. Wassalam.

Naka mai karatu,
Malamin firamare mai ritaya,
Ƙaramar Hukumar Wudil, Jihar Kano.